Manyan Kwamfutoci da Mutum-mutumin Masana'anta: Ina Ya Kamata Lissafi Ya Zauna?

Tsakure

Wannan takarda ta nazarci rawar da manyan kwamfutoci masu ƙarfin lissafi ke takawa wajen sarrafa mutum-mutumi a masana'antun ƙere-ƙere. Hujjarta ita ce amfanin irin wannan lissafi yana bayyana ne kafin inji ya motsa, wato a lokacin tsara aiki da kwaikwayo da horarwa, alhali motsin kansa yana buƙatar ƙaramar na'ura ta kusa wadda ba ta saɓa lokaci. An kafa hujjar a kan tarihin masana'antun mota na Amurka da Jamus da Japan, da sakamakon wasu gwaje-gwaje na jami'o'i da kamfanoni, sannan aka amsa suka guda uku da ake iya yi mata.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1961 ne kamfanin General Motors ya girka Unimate a wata masana'antarsa da ke jihar New Jersey ta Amurka. Hannu ne na ƙarfe wanda George Devol ya ƙirƙira, Joseph Engelberger kuma ya nema masa kasuwa. Aikinsa shi ne ɗauko sassan mota masu tsananin zafi daga injin zubi ya jera su, yana bin jerin motsin da aka riga aka adana masa a wani ganga mai maganaɗisu. Ba ya gani, ba ya kuma sauya shawara. Bayan shekara sittin da 'yan kai, alƙaluman ƙungiyar IFR, mai bibiyar wannan fage a duniya, sun nuna cewa a shekarar 2023 akwai irin waɗannan injuna fiye da miliyan 4 suna aiki a masana'antu. A wannan shekara kaɗai an girka sababbi kimanin 541,000, fiye da rabinsu a ƙasar Sin. A Koriya ta Kudu kuwa, a shekarar 2023, kowane ma'aikaci 10,000 na masana'anta yana da mutum-mutumi 1,012 a gefensa.

Da yawan ya kai haka, sai magana ta koma kan wayo. Masu sayar da kwamfuta da masu sayar da layin sadarwa suna ta kwaɗaitar da masu masana'antu cewa in aka jona waɗannan injuna da manyan kwamfutoci da ƙirƙirarriyar basira, za su riƙa gani da tunani da gyara kuskurensu. Akwai gaskiya a cikin wannan talla, sai dai ta tsallake wata tambaya da injiniyan da ke tsaye a bakin layin haɗa mota ba zai iya tsallakewa ba: wane lissafi za a yi a ina, kuma yaushe? Amsar wannan takarda ita ce a raba aikin gida biyu bisa buƙatarsa ta lokaci, kuma masana'antar da ta cakuɗa su za ta kashe kuɗi mai yawa ta sayo wa kanta rauni.

2.0 Lissafi Iri Biyu

Babbar kwamfuta tarin dubban na'urorin lissafi ne da aka haɗa da layuka masu sauri, domin a daddatsa matsala ɗaya gunduwa-gunduwa, kowace na'ura ta ɗauki rabonta, sannan a harhaɗa amsa. Frontier, wadda ke cibiyar bincike ta Oak Ridge a jihar Tennessee, ita ce ta farko da aka tabbatar a hukumance, a shekarar 2022, cewa ta haura lissafi biliyan sau biliyan a sakan guda, tana cin wutar lantarki kimanin megawat 21. Ma'aunin irin wannan na'ura shi ne yawan aikin da ta gama. Mai bincike yakan miƙa aikinsa ya shiga layi, ya jira sa'o'i ko kwanaki, kuma in amsar ta makara da minti goma babu abin da ya lalace.

Na'urar da ke juya gaɓoɓin mutum-mutumi tana rayuwa ne a ƙarƙashin wata doka dabam. Asalinta yana komawa shekarar 1968, lokacin da sashen General Motors mai ƙera giya ya nemi abin da zai maye gurbin ɗimbin makunnan lantarki da ke sarrafa layukansa. Daga nan aka sami Modicon 084 ta Dick Morley da abokan aikinsa, kakar na'urorin da yanzu ake kira PLC. Aikin irin wannan na'ura zagaye ne maras yankewa: ta karanta ma'aunai, ta yi ɗan lissafi, ta ba injin umarni, ta sake komawa farko. Hannun kamfanin Franka na Jamus yana karɓar umarni sau 1,000 a sakan guda, na Universal Robots samfurin e-Series kuma sau 500. Hannun da ke gudun mita 2 a sakan yana cin milimita 2 a kowane milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Saboda haka jinkirin milisakan 50 yana nufin hannun ya wuce santimita 10 ba tare da sabon umarni ba, a wurin da ake son ya komo daidai inda ya taɓa da kuskuren da bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Jikin mota guda yana da ɗigon walda dubbai, kowanne da gurbinsa.

A nan amsar da ta zo a makare daidai take da amsar da ba daidai ba. Injiniyan sarrafa inji ba ya tambayar matsakaicin saurin na'ura. Abin da ya dame shi shi ne lokaci mafi tsawo da za ta iya ɗauka a rana mafi muni, domin wannan ne ke ƙayyade ko hannun zai tsaya kafin ya murƙushe abin da ke gabansa. Dabarun da ke sa babbar kwamfuta sauri, irin su jera ayyuka a layi, da raba ƙwaƙwalwa tsakanin masu amfani, da hasashen umarni na gaba, su ne kuma ke hana a iya rantsewa a kan wannan lokaci. Jikin ɗan Adam ma haka aka tsara shi: wanda ya taɓa tukunya mai zafi, laka ce ke janye masa hannu tun kafin ƙwaƙwalwa ta gane abin da ya faru, ita ƙwaƙwalwar aikinta shi ne koyon darasi domin gobe.

3.0 Inda Babban Lissafi Ya Biya Kuɗinsa

Idan aka duba tarihi, duk inda babban lissafi ya amfani masana'anta, ya yi hakan ne ta hanyar ɗauke kuskure daga kan ƙarfe ya mayar da shi cikin kwamfuta, inda gyara ba shi da tsada. A shekarar 1986 aka yi kwaikwayon karon mota ƙirar Volkswagen Polo a kan kwamfutar Cray da manhajar PAM-CRASH, kuma abin da ya ba masana'antun Jamus sha'awa shi ne lissafin ya kammala cikin dare ɗaya. Injiniya yana iya sauya zane da yamma ya ga sakamako da safe, maimakon ya jira a ƙera mota ta gwaji a rotsa ta da bango. Yau kamfanonin mota suna yin karo na kwamfuta masu ɗimbin yawa kafin su rotsa mota ta gaske, kuma haka ake lissafa yadda faranti zai lanƙwashe a injin matsi, da yadda narkakken ƙarfe zai cika mazubi, da yadda fenti zai bazu.

Wannan dabara ce ta shigo fagen koya wa mutum-mutumi kama abu. A shekarar 2016 masu bincike a Google, ƙarƙashin Sergey Levine, sun jera hannaye har 14 suka bar su suna ta yunƙurin ɗaukar kaya na tsawon wata biyu, suka tara yunƙuri kimanin 800,000. Shekara guda bayan haka, a Jami'ar California da ke Berkeley, Jeffrey Mahler da Ken Goldberg suka fito da Dex-Net 2.0, wadda aka horar da misalai miliyan 6.7 da kwamfuta ta ƙirƙira daga siffofin kayayyaki, ba tare da hannu ya goge giyarsa ko ya fasa komai ba. A 2019 kamfanin OpenAI ya horar da hannu mai yatsu biyar ya riƙa jujjuya ɗan akwatin wasa na Rubik, bayan atisayen kwaikwayo da aka ƙiyasta da shekara 13,000, a kan na'urorin lissafi na GPU 64 da wasu ɗaruruwan kwamfutoci. A 2021 kuma, a jami'ar ETH ta Zurich, Nikita Rudin da abokan aikinsa suka sa kwafi 4,096 na mutum-mutumi mai ƙafa huɗu, ANYmal, suna koyon tafiya lokaci guda a cikin GPU ɗaya tak. Tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta samu cikin ƙasa da minti 4, ta kan gargada kuma cikin minti 20.

Abin lura a duk waɗannan misalai shi ne inda lissafin ya ƙare. Horarwa ce ke cin dubban sa'o'i na na'ura. Abin da take haifarwa kuwa ɗan ƙaramin tsari ne da ake ɗora wa kwamfutar da ke jikin injin ko kusa da shi, ta riƙa amfani da shi nan take. Haka abin yake a matakin masana'anta sukutum. A watan Maris na 2023 kamfanin BMW ya nuna kwafin kwamfuta na sabuwar masana'antarsa ta Debrecen a ƙasar Hungary, wanda aka gina da manhajar Omniverse ta Nvidia, fiye da shekara biyu kafin a fara ƙera mota a wurin. A cikin wannan kwafi ake gwada ko hannu zai kai inda ake so, ko hannaye biyu za su yi karo, ko ma'aikaci zai sami wurin tsayawa, tun ba a zuba kankare an ɗaure injin da noti ba. Sauya wurin mutum-mutumi a allo aikin 'yan mintuna ne, sauya shi bayan an girka kuwa yana iya tsayar da layi na kwanaki.

4.0 Iyakar Kwaikwayo

Kwaikwayo ba ya sanin abin da ba a auna aka faɗa masa ba. Santsin giris, da ɗan sakin da giya ke yi bayan shekaru, da lanƙwasar waya, da miƙewar ƙarfe in masana'anta ta yi zafi, duk abubuwa ne da lissafi ke kusantar su kawai. Masu bincike suna rage wannan giɓi ta hanyar sassauya nauyi da santsi da haske a cikin kwaikwayon, domin injin ya saba da yanayi iri-iri, amma giɓin bai rufe ba. Hannun OpenAI da aka ambata, duk da shekara 13,000 na atisaye, yana kammala aikin ne kashi 60 cikin ɗari na lokuta, a cakuɗa mafi wuya kuma kashi 20 kawai. A ɗakin bincike wannan babbar nasara ce. A layin da ke fitar da mota kusan kowane minti, injin da ke kuskure ko da sau ɗaya cikin ɗari yana nufin tsayawa sau da yawa kafin a tashi aiki.

Tarihin masana'antun Amurka ya riga ya yi wannan gargaɗi. A shekarun 1980, ƙarƙashin shugabancin Roger Smith, General Motors ya zuba biliyoyin daloli a injuna masu sarrafa kansu. Masana'antarsa ta Hamtramck a Detroit, wadda aka buɗe a 1985, ta yi ƙaurin suna da mutum-mutumin da ke fesa wa juna fenti da fasa gilashin mota. A daidai wannan lokaci, masana'antar NUMMI da ke Fremont a California, wadda kamfanin ya buɗe tare da Toyota a 1984, tana fitar da motoci mafi inganci da injuna kaɗan da tsofaffin ma'aikata, saboda an daidaita tsarin aiki an kuma ba ma'aikaci ikon tsayar da layi in ya ga matsala. Tesla ce ta gaji wannan gini a 2010, kuma a 2018, lokacin da ƙera Model 3 ya cije, Elon Musk da kansa ya amsa cewa sun wuce gona da iri wajen dogara da injuna. Darasin da ya shafi maudu'inmu shi ne cewa babban lissafi yana ninka abin da aka ba shi ne. In tsarin aiki a daidaice yake kuma ma'aunai na gaskiya ne, sai ya ninka alheri. In kuwa a hargitse yake, sai ya samar da kyakkyawan hoton masana'antar da babu ita. Don haka mai walda da makaniken da suka san inda injin ke yin gardama suna cikin masu gina kwaikwayo, domin a wurinsu ake samun abin da za a auna.

5.0 Suka da Amsoshinsu

Suka na farko yana cewa matsalar jinkiri ta kusa zama tarihi, tunda an tsara fasahar 5G da burin sauko da jinkiri zuwa milisakan 1, saboda haka ana iya mayar da duk tunanin injuna wata babbar cibiyar bayanai. Amsa ta farko ta kimiyyar haske ce. Saƙo a cikin wayar gilashi yana gudun kimanin kilomita 200,000 a sakan, wato kilomita 200 a milisakan. Cibiyar da ke nesan kilomita 500 tana cin milisakan 5 zuwa da dawowa, tun ba a lissafa tsayawa a mahaɗai da lokacin lissafin kansa ba. Milisakan 1 da ake faɗa na tsakanin na'ura da turken sadarwa ne, kuma masu kafa 5G a masana'antu da kansu sukan ajiye kwamfutar a cikin harabar, wanda hakan amincewa ne da hujjar wannan takarda. Amsa ta biyu ta shafi dogaro. A ranar 29 ga Agusta, 2023, masana'antun haɗa mota 14 na Toyota a Japan sun tsaya cak, saboda rumbun adana bayanai na tsarin odar sassa ya cika a yayin gyara, kuma na ko-ta-kwana ma matsalar ta shafe shi. A watan Satumba na 2025 harin masu kutse ya hana Jaguar Land Rover ƙera mota a Birtaniya fiye da wata guda. Waɗannan tsare-tsaren ofis ne, kuma asarar ta tsaya a kan lokaci da kuɗi. Da motsin hannayen ne ke rataye a irin wannan igiya, da maganar ta kai ga rayuka. Shi ya sa ƙa'idar tsaro ta ISO 10218 ta buƙaci tsayar da inji na gaggawa ya kasance abin da aka tabbatar da amincinsa.

Suka na biyu ya fi ƙarfi. Yana cewa ƙananan kwamfutoci sun yi ƙarfin da rabuwar ba ta da sauran ma'ana: Jetson AGX Orin ta Nvidia, wadda ba ta cin wuta fiye da wat 60, tana yin lissafin basira har tiriliyan 275 a sakan, kuma ana iya ɗaura ta a jikin inji. Gaskiya ne iyakar tana matsawa, kuma gani da kyamara da tsara hanya sun riga sun sauko kusa da injin. Sai dai ƙarfi bai zama tabbacin lokaci ba. Tsarin basirar da aka horar da misalai miliyoyi babu wanda zai iya bin diddigin duk halayensa ya rantse cewa ba zai taɓa yin wani abin mamaki ba. Don haka a tsarin da ya dace, shi shawara yake bayarwa, cewa ga inda za a kama abu, sannan na'urar sarrafawa mai sauƙin bincike ta duba ko umarnin yana cikin iyakar gudu da ƙarfi da fili kafin ta zartar. Abin da wannan suka ya nuna shi ne an sami mataki na tsakiya, bai nuna cewa na ƙasa ya ɓace ba. Ita kuma horarwa kullum ƙara neman lissafi take yi, saboda haka mataki na sama ma yana nan daram.

Suka na uku na adalci ne: in babban lissafi ne ke rage kuskure, to BMW da Toyota za su ƙara nisa, ƙananan masana'antu da ƙasashe masu tasowa su ci gaba da cin ƙura. Wannan damuwa ce ta gaske, kuma rabuwar da ake magana a kai ita ce ke sassauta ta. Tunda aikin kwaikwayo da horarwa yana jure jira, ba dole ne masana'anta ta mallaki babbar kwamfuta ba, tana iya hayar sa'o'i a wadda ke wani gari ko wata ƙasa. Tarayyar Turai ta fara shirin Fortissimo a 2013, ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Edinburgh, domin ƙananan kamfanoni su sami wannan dama. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ɓullo da HPC4Mfg a 2015, inda masana na cibiyoyin gwamnati irin su Lawrence Livermore ke aiki a kan matsalolin masana'antu. A Afirka ma akwai manyan kwamfutoci irin su Lengau a Cape Town tun 2016, da Toubkal a Maroko tun 2021. Gwajin Zurich kuma ya nuna cewa wasu ayyukan horarwa sun sauko zuwa kwamfuta guda ta tebur. Abin da ba a iya haya daga nesa shi ne wutar lantarki tsayayya a masana'anta, da ma'aunai masu kyau, da injiniyan da zai karanta sakamako ya gane inda ya saɓa wa abin da ke faruwa a ƙasa.

6.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa lissafin masana'anta ya kasu ne bisa irin jiran da kowane aiki zai iya jurewa. Kwaikwayo da horarwa da tsara masana'anta suna son ƙarfi mai yawa kuma suna jure sa'o'i, don haka gurbinsu babbar kwamfuta, ko ta gida ko ta haya. Gani da tsara hanya suna son amsa cikin ƙiftawar ido, don haka gurbinsu harabar masana'anta. Juya gaɓoɓi da tsayar da inji suna son tabbaci na milisakan, don haka gurbinsu jikin injin, kuma dole su ci gaba da aiki ko an yanke duk wata hanyar sadarwa. Daga nan shawarwari uku suke fitowa. Mai masana'anta ya fara da daidaita tsarin aikinsa da auna injunansa kafin ya sayi lissafi. Gwamnatoci da jami'o'i su zuba jari a cibiyoyin lissafi na tarayya tare da masanan da za su zauna da ƙananan kamfanoni. Sassan koyar da injiniyanci kuma su daina yaye masanin kwamfuta da bai taɓa jin ƙarar layin walda ba, ko masanin inji da bai iya karanta kwaikwayo ba, domin ingancin abin da masana'anta za ta ƙera ya dogara ne a kan mutumin da ya san ɓangarorin biyu, ya kuma san iyakar kowannensu.